Idon Aro a Hanyar Gobarau

Ma'u yarinya ce 'yar aji biyar. Gidansu yana Ƙofar Kwaya, a cikin birnin Katsina. Tana da ƙoƙari a makaranta, kuma ba ta ƙin aike. Aibinta ɗaya ne tak. Bakinta ba ya iya cewa "ban sani ba". Kome aka tambaya, sai ta yi caraf ta ce, "Na sani!"

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, aka yi baƙo a gidansu. Sunansa Kaka Sammani, ƙanen kakanta ne. Tun yana saurayi ya tafi Kumasi fataucin goro, ya yi zamansa a can. Sai yanzu Allah ya yi masa zuwa ganin gida. Ya zo da furfura da sanda, ga kuma yanar ido ta rufe masa idanu. Ba ya ganin komai sai haske da duhu.

Amma fa bakinsa ras yake. Da ya ji motsin Ma'u sai ya fara tsokana.

"Ina amaryar tawa? Ko an yi mani kishiya ne da littafi?"

"Ni ba na auren tsoho mai sanda," in ji Ma'u.

"Ashe za ki daɗe a gidanku. Samarin yanzu ko goro ba su iya saye."

Faruk, yayan Ma'u, shi ke yawo da shi a kan mashin. Ya kai shi Ƙofar Soro. Ya kai shi tsohuwar kwaleji, inda ake ajiye kayan tarihi. Ya kai shi Babbar Kasuwa. Wuri ɗaya ya rage, wato hasumiyar Gobarau, doguwar hasumiyar ƙasa da ke tsakiyar birni tun zamanin kaka da kakanni. Kaka Sammani ya ce a bar masa ita sai ranar ƙarshe, don ita ce ta kawo shi.

Ranar ƙarshe ta zo. Motar da zai bi za ta tashi da an idar da sallar La'asar. Sai ga shi man mashin ya ƙare. Tun da safe Faruk ya tura shi zuwa layin mai. Har aka yi Azahar babu shi babu labarinsa. Baban Ma'u kuma yana wurin aiki.

Kaka Sammani ya zauna a zaure, jakarsa a gefe. Yau ko tsokanar babu.

Inna Fatsuma, mahaifiyar Ma'u, ta leƙo ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Bari in aika maƙwabta ko za a sami wanda zai raka ka."

"Na san hanya!" in ji Ma'u. "Ni zan kai shi."

"Ke? Yaushe kika taɓa zuwa Gobarau?"

"Baba ya taɓa bi da ni ta wurin a mota. Ai ba wuya. A miƙe titi, in an zo wurin sojoji masu buhunan yashi sai a yi kwana. Shi ke nan."

Inna ta dube ta da kyau. "Kin tabbata, Ma'u?"

"Haba Inna! A garin nan fa aka haife ni."

Fuskar Kaka Sammani ta washe. Ya laluba sandarsa ya miƙe. "Da ɗan gari a kan ci gari," in ji shi. "Taho, amarya. Yau ke ce idona."

Suka fita. Hannunsa na hagu a kafaɗarta, na dama riƙe da sanda. Ma'u tana tafe tana ɗaga kai. In sun gamu da ƙawayenta sai ta ce da ƙarfi, "Baƙo zan kai Gobarau!"

"Mi kike gani yanzu?" in ji Kaka.

"Shagon mai gyaran rediyo. Ga kuma bango an manne shi da hotunan 'yan takara, duk rana ta cinye su."

"Madalla. Can da, wurin nan fili ne, muna kokawa."

Suka yi ta tafiya. Ma'u ta zuba ido tana neman buhunan yashi. Suka wuce mararraba ta farko, babu. Suka wuce wata, inda mai shayi ya kafa teburinsa, babu. Suka wuce wata kuma. Babu soja, babu buhu, babu ko ƙwayar yashi.

To, ina suka shiga? Ai nan ne. Ko ba nan ba ne? A mota dai tafiyar ba ta kai haka nisa ba.

Ga mutane ko'ina. Ga mai shayi, ga masu faci, ga tsofaffi zaune a inuwa. Da ta buɗe baki ta yi tambaya, da magana ta ƙare. Amma ina! Ita da ta ce a garin aka haife ta? Ita da ta gaya wa ƙawayenta? Kuma a gaban Kaka, wanda zai yi ta yi mata dariya har Kumasi?

Can sai ta hango wani abu ta saman rufin gidaje. Kan hasumiya ne, ja, yana leƙowa.

"Ga ta can!" in ji ta. Ta ja Kaka suka faɗa lungu na farko da ta gani.

Wanda bai san lungunan cikin birni ba, bai san rikici ba. Lungun ya tafi ya lanƙwasa. Ya sake lanƙwasawa. Ya rabu biyu. Ma'u ta ɗaga kai, babu hasumiya, sai katangu. Ta bi dama. Da suka fito wani ɗan fili, sai ga hasumiyar a hagunta. Ta bi hagu. Da ta sake dubawa, sai ga ta a bayanta, kuma ta ƙara nisa.

"Ikon Allah," ta ce a ranta. "Tafiya take yi ne?"

Suka wuce wata maƙera. Guduma tana ta bugu, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Suka shiga wani lungu mai warin daddawa. Suka ɓulla ta wani mai kwata a tsakiya. Sai ga ƙarar guduma kuma, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Kaka Sammani ya karkata kunne. "Ma'u, maƙera nawa ke unguwar ga?"

"Da yawa ne, Kaka."

"To. Na ji gudumar tasu muryarta ɗaya."

Ma'u ta yi kamar ba ta ji ba. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Duk ƙofofin sun zama iri ɗaya. Duk akuyar da ta gani, sai ta ga kamar ta ɗazu ce. Ta rasa gabas, ta rasa yamma. Ko hanyar komawa gida ma ba ta sani ba.

Hannun Kaka ya ƙara nauyi a kafaɗarta. Numfashinsa ya fara fita da ƙyar.

"Da saura ne?"

"Kaɗan."

"Ɗazu ma kin ce kaɗan. Ina jin rana ta fara sanyi a wuyana, ɗiyata. La'asar ta kusa."

Ma'u ta ji kamar ta fashe da kuka. Sai ga su a gaban wani dogon bango na ƙasa, tsoho, ja. Bayan wani tsohon soro ne. Ba kowa a wurin. Ta dubi bangon. Ta dubi idanun Kaka. Sai wani mugun tunani ya zo mata. Ƙasa dai ƙasa ce. Bango dai bango ne. Wa zai gaya masa?

"Kaka," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "mun iso."

"Mun iso?"

"E. Ga ta nan."

Ta kama hannunsa ta ɗora a jikin bangon.

Kaka Sammani ya jingine sandarsa. Ya sa hannu biyu yana shafa bangon a hankali. Can sai ya fara magana.

"Ranar da zan bar gari, nan kakanki ya kawo ni. Muka hau har sama. Ya nuna mani gidanmu, ya ce, 'Sammani, duba da kyau, kada ka manta hanya.' Na ce masa baɗi zan dawo. Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Har ya rasu ban zo ba."

Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. Ya ɗaga hannu ya yi wa ɗan'uwansa addu'a. Ma'u ta ce amin, ta kau da kai.

Daga nan ya durƙusa da ƙyar. Ya ciro farin hankici daga aljihu, ya shimfiɗa. Ya laluba gindin bangon, ya ɗebi 'yar ƙasa ya zuba a ciki, ya ƙulle tam.

"Wannan fa, Kaka?"

"Tsaraba ce. 'Ya'yana da jikokina ba su taɓa ganin Katsina ba. Zan buɗe masu in ce, ga ƙasar Gobarau, ga tushenku."

Wayyo! Kunya ta rufe Ma'u tun daga kai har ƙafa. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Ana haka sai jaki ya yi kuka a bayan bangon. Kuka mai ƙarfi, har da shessheƙa.

Kaka ya ɗaga kai. "Jaki? A cikin Gobarau?"

Kafin Ma'u ta sami abin faɗa, wani mutum ya ɓullo ta kwanar bangon. Yana ɗauke da dami na harawa a kai. Ya tsaya yana kallonsu.

"Salamu alaikum. Sannunku da rana."

"Wa alaikumus salam," in ji Kaka. "Ina wuni? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya gida? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Madalla. Ni ne Ɗanliti, mai gidan nan. Na ce ko lafiya, na ga kuna durƙushe a bayan turken jakina?"

"Turke kuma?" in ji Kaka. "Ai mu ziyara muka zo. Ba Gobarau ce wannan ba?"

Malam Ɗanliti ya buɗe baki. Ya dubi idanun tsohon. Ya dubi ƙullin hankici. Sa'an nan ya dubi Ma'u. Ya tsaya yana jira.

Shirun nan ya fi bulala zafi. Ma'u ta fashe da kuka.

"Kaka, ba ita ba ce! Ƙarya na yi maka. Na ɓata tun a titi. Ban san hanya ba. Ban san inda muke ba ma!"

Kaka Sammani bai yi faɗa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya kwance hankicin a hankali, ya zubar da ƙasar, ya karkaɗe shi. Ma'u ta ji da ma dukanta ya yi.

"Ma'u," in ji shi, "ɓatan hanya ba laifi ba ne. Ni ma da aka haifa kafin ubanki, yau ban san hanyar ba. Amma idona ya mutu, na ari naki. Duk abin da kika ce, shi ne gani na. Da na tahi da ƙasar ga, da jikokina sun yi ta adana ƙasar turken jaki."

"Ka yafe mani, Kaka."

"Mi ya hana ki tambaya?"

"Kunya nake ji. Kada a ce 'yar gari ba ta san garinsu ba."

"To, wace kunyar ta fi? Waccan ko wagga?"

Ma'u ta sunkuyar da kai. "Wannan."

"To, ga mutum a gabanki. Baki kuma yana nan inda kika bar shi."

Ma'u ta share hawaye da bakin mayafi. Ta durƙusa ta ce, "Malam, don Allah ina ne hanyar Gobarau? Ban sani ba. Ni dai na san ana yin kwana a wurin sojoji masu buhunan yashi."

Malam Ɗanliti ya sauke harawarsa, ya yi dariya. "Yarinya, wane soja kuma? Ai tun da aka rantsar da farar hula suka kwashe buhunansu suka tafi. Mai shayi ne a wurin yanzu."

Ma'u ta riƙe baki. Mai shayin nan! Har ido suka haɗa da shi.

"Ku taso," in ji Malam Ɗanliti. "Kun yi ta zagaya ta ne kamar mai neman akuya. Tana nan kusa."

Ya shige gaba. Lungu ɗaya, kwana ɗaya, sai ga fili. Sai ga Gobarau tsaye a gabansu, ja, doguwa, faɗin gindinta ya fi ɗakin Inna. Ma'u ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Ashe ba ta taɓa ganinta da kyau ba.

Mai kula da wurin ya yi masu maraba. Ma'u ta kai hannun Kaka jikin hasumiyar. Ya shafa. Ya matsa gefe yana lalube da sanda, har sandar ta bugi matakala.

"Yauwa," in ji shi. "Ga matakalar. Ita ce."

Ya ɗaga ƙafa zai hau. Sai aka kwaɗa kiran sallar La'asar. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan matakala. Gwiwarsa tana karkarwa saboda doguwar tafiyar da suka sha. Ya girgiza kai, ya zauna a wurin.

"Na so in hau," in ji shi. "Ba lokaci, ba kuma ƙafa."

Ma'u ta san ita ta cinye lokacin, ita ta cinye ƙafar. Sabon hawaye ya zo mata.

"Bar kuka," in ji Kaka. "Zan sake aron idon nan sau ɗaya. Hau da sauri ki gaya mani abin da kike gani. Abin da kike gani kawai."

Mai kula da wurin ya ce ta bi a hankali, ya bi bayanta. Ma'u ta hau, ta hau, har iska ta fara kaɗa mayafinta. Da ta leƙa, sai ga Katsina duk a shimfiɗe. Ga lungunan da suka wahalar da ita, sun zama kamar zare.

"Kaka!" ta ƙwala kira. "Ina ganin babban masallaci! Ina ganin gidan Sarki! Ga mata can suna shanyar gero a tsakar gida! Ga jakin Malam Ɗanliti!"

Dariyar Kaka ta taso daga ƙasa. "Ki gaishe shi! Gabas fa, mi ke akwai?"

Ma'u ta duba. Wani dogon gini ne fari. Bakinta ya buɗe zai yi halinsa. Ta kama shi.

"Akwai wani farin gini, Kaka. Amma ban san ko mene ne ba!"

"Madalla!" in ji Kaka Sammani. "Yanzu na yarda da idon nan."

Da ta sauko, ta karɓi hankicin. Ta nemi izinin mai kula da wurin, ta ɗebi 'yar ƙasa a filin da ke gaban matakala. Ta ɗora hannun Kaka a kai don ya ji da kansa daga inda ta ɗebo. Shi ya ƙulle da hannunsa.

Yana sa shi a aljihu sai ga ƙarar mashin. Faruk ne, ya sami mai, jakar Kaka a ɗaure a baya.

"Ina kuka shiga? Inna ta ce tun Azahar kuka fito! Na zo nan ɗazu ban gan ku ba. Hankalin kowa ya tashi!"

"Yawon buɗe ido muka yi," in ji Kaka. "Har wurin da ba a kai baƙi an kai ni. Mu yi sallah mu kama hanya."

Suka yi sallah a nan kusa. Suka yi wa Malam Ɗanliti godiya. Faruk ya ɗauki Kaka, Ma'u ta ɗane a tsakiya. Sun isa tasha direba yana ta danna ham, fasinjoji suna ta mita. Saura ƙiris a bar shi.

Kafin ya shiga mota, Kaka ya laluba kan Ma'u ya dafa.

"Amarya, na fasa sakinki. In Allah ya sa aka yi mani aikin idon nan, zan dawo mu hau tare. Ke za ki kai ni."

"In na ɓata fa?"

"Sai ki yi mi?"

"Sai in tambaya."

Da suka koma gida, Ma'u ba ta jira Faruk ya faɗa ba. Ita da kanta ta gaya wa Inna komai, har da jakin. Inna ta yi mata faɗa sosai. Da ta gama, sai ta jawo ta jikinta.

"Kin ga dai," in ji Inna. "Matambayi ba ya ɓata. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Wanda ya ba ki amana, ki gaya masa gaskiya, ko da gaskiyar ita ce ba ki sani ba."

Ranar Litinin a makaranta, malaminsu ya yi tambaya. "Wa ya san shekarar da aka gina Gobarau?"

Duk ajin suka juya wajen Ma'u, don sun saba. Ma'u ta ɗaga hannu.

"Malam, na hau ta har sama. Amma shekarar, ban sani ba. Don Allah a gaya mana."

Malam ya cire tabarau ya dube ta. Sa'an nan ya ce a tafa mata.

Yara, ku riƙe wannan. Faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka yi ƙarya ga wanda ya dogara da kai. In ba ka sani ba, ka tambaya.